Gidan Sin da Muka Gina a Garrafa

Ranar da na sauka Doha aka cuce ni, ni kuma sai da na shekara biyu kafin na cuci wani. Cutar farko kowa ya san irinta. Ta biyun ce ta sa na zauna ina wannan rubutu.

Ejan ɗin da ya yi min hanya ya rantse min da Allah aikin magini zan je in yi. Da aka kai mu ofishin kamfani aka miƙo takarda, sai na ga an rubuta lebura. Na ce akwai kuskure. Mutumin da ke bayan tebur ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Khalas, sa hannu, yalla," wato magana ta ƙare, in yi sauri. Na sa. Ni Salisu, ɗan Malam Tanimu magini na cikin birnin Zariya, da na shekara tara ina ɗora bulo, sai ga ni ina ɗaukar kwanon siminti ina miƙa wa wasu.

Aka zube mu a Sanaiya, unguwar garejoji da ɗakunan ma'aikata. Mu takwas a ɗaki, gado bisa gado. Ina tsaye da jakata ban san inda zan sa kaina ba, sai na ji an ce da Hausa, "Ɗan Najeriya, sannu da zuwa. Ɗauki na ƙasa, ni na saba da sama."

Razak ke nan, ɗan Zangon Kumasi ta ƙasar Gana, gajere, baƙi, mai wushirya, dariya ba ta yi masa wuya. Hausarsa ta riƙa ba ni dariya, don shi mace da namiji duk "shi" ne, har uwarsa. Ya girme ni a Doha da shekara ɗaya, na girme shi a haihuwa da uku, saboda haka ya laƙaba min Yaya Salisu. Shi ya nuna min alƙibla a ranar. Nan fa na sha mamaki, don a Doha yamma ake kallo, a ɗan karkata kudu. Wata guda cur ina salla ina jin kamar na ba Makka baya.

Zafin farko ya kayar da ni a wurin aiki. Na farfaɗo na ga Razak a kaina yana ɗiga min ruwa da murfin gora. Kwana uku yana dafa min shinkafa da wake da yajinsu mai baƙin mai, yana tsokanata wai Bazazzage ne rana ta kayar. Ina faɗar wannan ne don kada wani ya ɗauka ya taɓa yi min wani abu. Bai yi min komai ba sai alheri.

Ran Juma'a bayan masallaci, in kewar gida ta taso min, shi nake ba labarin gidanmu. Gidan ƙasa ne, kakana ya gina, babana ya ƙara. Na faɗa masa yadda ake cuɗa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana biyu, yadda ake mulmula tubali, yadda ake jera azara a rufe soro, yadda ake shafe bango da makuba ruwa ya yi ta duka bai ci shi ba. Na zana masa zaure a ƙasa da tsinke, na nuna masa ƙofar shiga da ƙofar fita ba sa kallon juna, don kada na waje ya hango tsakar gida. Razak ya riƙa sauraro baki buɗe. Abin da ban faɗa masa ba shi ne, ni da ƙafata na gudu daga wannan sana'a. Ina saurayi abokai suka fara ce min mai wasan taɓo, na ajiye aikin babana na koma bulo da siminti.

A shekara ta biyu aiki ya ja baya. Aka fara sallamar mutane, duk wanda kwantiraginsa ya ƙare sai jirgi. Na Razak saura wata bakwai, nawa saura shekara. Ana cikin haka aka ɗebi mu goma sha biyu aka kai mu wani fili a unguwar Garrafa.

Mai filin Balaraben Katar ne, ana ce masa Abu Nasir. Ya yi shekaru yana fatauci a ƙasar Sin, ya zauna a irin tsofaffin gidajensu masu tsakar gida, abin ya shiga ransa. Tsohuwarsa kuwa ta tsani katafaren benen da ya ajiye ta, ta ce tun da aka rushe gidan ƙuruciyarta ba ta ƙara zama ta ga sama a tsakiyar gida ba. Shi ne ya ce zai gina mata gidan Sin, ya ɗauko gwani takanas daga can.

Gwanin wani tsoho ne siriri, hannuwansa duk kanta, muna ce masa Baba Wu. Turancinsa bai fi cikin cokali ba, sauran magana waya ke fassarawa. Amma kai, ka ga yadda ake girmama shi! Abu Nasir da kansa yake buɗe masa mota. Injiniya mai takardu ya tsaya hannu a baya yana sauraronsa. Mutumin nan fa da yumɓu da katako yake aiki, daidai da babana. Babana kuwa in ya je gidan masu kuɗi gyaran katanga, a ƙofar gida ake miƙo masa ruwa. Tun daga ranar abin ya fara cin raina.

Lokacin zafi ne, da rana ta take sai a tsayar da aiki mu fake a rumfa. Wata rana Baba Wu ya fito da waya yana nuna mana hotunan gidajen ƙasarsu. Ashe su ma kowane yanki da irin gininsa. Na arewa tsakar gidansu faffaɗa ce don rana ta shigo lokacin sanyi. Na kudu 'yar ƙarama ce kamar bakin rijiya, saboda inuwa. A garinsu rufin ɗaki ciki yake gangarowa, ruwan sama duk a tsakar gida yake zuba. Akwai waɗanda suke haƙa gida a cikin tudu. Akwai wani gida kamar gari guda, na ƙasa zalla, zagayayye, hawa huɗu, dangi ɗaya a ciki. Ya nuna shi yana bugun ƙirji. Sannan ya sa waya ta tambaye mu: a cikinku akwai wanda a garinsu ake gini da ƙasa?

Wani birkila ya yi dariya ya nuna mu, ya ce ai 'yan Afirka duk a bukkar taɓo suke kwana. Aka kwashe da dariya. Razak ya zungure ni, ya ce, "Yaya Salisu, faɗa masa mana. Babanka fa."

Na ce da Turanci, da ƙarfi don kowa ya ji, "Ni a gidan siminti na tashi."

Razak ya kalle ni. Sai ya tsuguna ya ɗauki ƙusa, ya zana zauren gidanmu a ƙasa, yadda na zana masa, ƙofa nan, ƙofa can. Baba Wu ya miƙe tsaye. Ya kama hannun Razak ya ja shi har bakin ƙofar gidan da muke ginawa, ya nuna masa inda za a tayar da wani ɗan bango a gaban mai shigowa, yadda dole ka karkata kafin ka ga tsakar gida. Abu ɗaya ne da namu. Da Abu Nasir ya zo da yamma aka nuna masa zanen, ya ce wallahi gidan kakarsa ma haka mashigarsa take. Su uku suka tsaya a kan zanen gidan ubana suna murna, ni ina gefe da kwanon siminti a ka.

Kashegari aka cire Razak daga lebura. Ya zama na hannun daman Baba Wu, shi ke riƙe igiya, shi ke isar da umarni. Abu Nasir ya dafa kafaɗarsa a gabanmu ya ce, "Tsohon nan gwani ne, amma bai san addininmu ba. Kai Musulmi ne, ka zama idona. In gida ya ƙare lafiya, zan karɓe ka daga kamfani, ni zan zama kafil ɗinka, mai ɗaukar nauyin zamanka a ƙasar nan, ka riƙa kula da gidan." Ma'ana Razak ya tsira daga jirgi, muddin gidan ya fita ba aibu.

A mota Razak ya ce min, "Na faɗa wa tsohon fa kai ka koya min. Ya ce ai kai ka ce a siminti ka tashi."

Na ce, "To ai gaskiya ne. Allah ya sanya alheri."

Ƙarya nake. Hassada ce ta kama ni, ba ni da wani suna da zan ba ta. In na ga Baba Wu yana nuna masa yadda ake haɗa ginshiƙi da gungumen rufi ba ƙusa ko ɗaya, wannan ya shige cikin wancan ya zauna daram, sai hassadar ta ƙaru. Mutumin da bai san bambancin tubali da curin fura ba! Ya dawo ɗaki yana ba ni labari da zumuɗi: babban ɗaki a arewa yake yana kallon kudu, na tsohuwa ne, 'ya'ya a gabas da yamma, ƙofar gida a kusurwar kudu maso gabas, dokin ƙofa mai tsawo ne, tsallakewa ake yi, ba a takawa. Ni kuwa in juya masa baya in ce kaina ke ciwo. Ya kawo min shayin da tsohon ya ba shi, na ce ba na shan ganye. Har wushiryarsa ta fara ba ni haushi.

To, a ƙa'idar Baba Wu, bayi a kusurwar kudu maso yamma yake zama. Ranar da aka ja igiya za a binne bututunsa, ni aka sa haƙa. Ina cikin rami na ɗago na ga inda mai aikin famfo, wani ɗan Nepal, ya kafa alamar mazaunin. Na dubi igiya, na dubi inda muke shimfiɗa kwali mu yi azahar. Duk wanda ya zauna a kai, alƙibla zai kalla sak.

Wannan shi ne abu na farko da babana ya koya min. Kafin a haƙa tushe, kafin komai, sai ya kafa turke ya ce ga gabas, sannan a san inda masai zai kalla. Ɗan magini ko a mafarki ba zai wuce wannan ba. Razak kuwa direban tasi ne a Kumasi, ina zai sani? A lokacin gyaran bai fi a matsar da turke taku ɗaya a juya shi ba. Yana tsaye a bakin ramin, riƙe da igiya, har ya ce min, "Yaya Salisu, ya yi daidai?"

Na ce, "Ni lebura ne. Ku ne manya."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Na ci gaba da haƙa.

Na ce a raina gobe zan faɗa. Kashegari aka zuba kankare. Na ce to bari a ga ko shi zai lura, ai shi ne idon maigida. Aka ta da bango, aka shimfiɗa dutse a ƙasa. A bayan bangon, ta tsakar gida, Baba Wu ya zauna sati shida yana sassaƙa bulo mai ruwan toka, furanni da ganyaye, da hannunsa, yana hura ƙurar da baki. In ka bi lungun da ke kai ka bayin, sai ka karkata sau biyu, ba taga, ba ka ƙara sanin ina gabas ina yamma. Babu mai ganewa sai wanda ya gani tun a igiya.

Da aka haɗa ruwa, Baba Wu ya tausaya mana. Bayin roba na ma'aikata yana can ƙarshen fili cikin rana, in ka shiga kamar tanda. Ya ce mu riƙa amfani da na ciki, dama ana son a gwada bututun. Kowa ya yi murna. Ni dai ban taɓa shiga ba. Kullum in ɗauki buta in ratsa rana har ƙarshen fili, wata biyu ina haka. Na iya yin shiru a kan aibun, amma na kasa zama a kansa.

Gida ya yi kyau, kada in rage masa. In ka tsallake dokin ƙofa ka karkata, sai tsakar gida ta buɗe maka, rufi mai ruwan toka ya kewaye ta, inuwa ta kwanta a barandar katako, ga bishiyar rumman guda a tsakiya. Ranar da na fara tsayawa a ciki ni kaɗai, sai da na ji ƙamshin tsakar gidanmu bayan an yi yayyafi, na ga inna tana shara. Na goge ido da bayan hannu kafin wani ya shigo.

Wata safiya Abu Nasir ya kawo tsohuwarsa a keken guragu. Ta ɗaga kai ta ga sama, ta yi ta hamdala, har ta yi wa Razak addu'a. Sannan ta tambayi alƙibla, kamar yadda tsofaffi ke yi a baƙon wuri. Aka nuna mata. Aka tura ta ɗaki ɗaki, sandarta a cinya, ashe duk inda aka karkata tana riƙe da lissafin hanyar a kanta. Da aka kai ta ƙofar bayi ta leƙa, sai ta miƙa sandar ta nuna mazaunin, ta nuna bangon gabansa, ta faɗi kalma biyu da Larabci. Abu Nasir ya ciro waya ya auna. Fuskarsa ta canja.

Bai yi wa Baba Wu faɗa ba. Razak ya juya wa. "Me na ce maka? Ba kai na ce ka zama idona ba? Kana salla kuwa?"

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ta fi dukan Razak, na gani a idonsa. Injiniya ya ce sai an fasa ƙasa duka. Nan ne bakina, da ya yi wata huɗu a rufe, ya buɗe. Na ce ba sai an fasa duka ba, bututun ta nan ya bi, ya karya ta can, in aka buɗe bangon tsakar gida aka juya mazaunin ya kalli arewa, kwana biyar ya isa. Na zana musu a ƙasa. Abu Nasir ya ce, "Wane ne wannan?" Na ce, "Ɗan magini ne, ranka ya daɗe. Ubana da ƙasa yake gini." A ranar na faɗe ta, ranar da za ta amfane ni.

Bangon da aka buɗe shi ne na sassaƙar Baba Wu. Ya hana kowa taɓawa, ya ɗauki guduma da kansa. Na tsaya ina kwashe furannin da ya yi sati shida a kansu ina zubawa a baro. Bai kalle ni ba, ni ma ban yarda mun haɗa ido ba.

Aka mayar da Razak kamfani, kamfani ya ce ba zai sabunta masa ba. Ni aka ba igiyar.

Ran Juma'ar da zai tafi, bayan la'asar, na same shi yana ɗaure jaka. Na ce, "Razak, wallahi abin bai min daɗi ba." Ya ce ƙaddara ce. Ya cire bargonsa ya ɗora a gadona, ya ce sanyin Doha na zuwa. Ya ɗauko wasu 'yan katako biyu da Baba Wu ya ba shi, masu shiga juna ba ƙusa, ya juya su a hannu, ya sa a jakarsa. Sannan ya zauna a bakin gado ya ce, "Yaya Salisu, in tambaye ka?"

Na ce, "Ina ji."

"Wata biyu kana ratsa rana da buta. Na ɗauka tsafta ce ta yi maka yawa, har ina ba mutane labari, ina cewa yayana ba ya haɗa bayi da kowa." Ya yi 'yar dariya, wushiryar ta fito. "Sai ranar da ka zana bututun nan ba ka ko tsaya tunani ba, sannan na gane."

Na ce, "Na so in faɗa maka."

Ya ce, "Ai na tambaye ka. Ina riƙe da igiya."

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Ya saɓa jaka, ya ba kowa hannu a ɗakin, ya ba ni ni ma, ya ce in gai da babana in mun yi waya.

Yanzu shekarata uku a gidan. Abu Nasir ne kafil ɗina, ina da ɗaki nawa kusa da ƙofa, ni ke duba katako da rufi, ni ke ba rumman ruwa. Baba Wu ya koma ƙasarsu. Kafin ya tafi ya koya min haɗin katakon nan, amma bai taɓa ba ni shayi ba. Tsohuwa tana zama a tsakar gida da hantsi, in na wuce ta sa min albarka, wai ni na gyara mata gida. Da na ba babana labari a waya cewa sana'arsa ce ta ɗaga ni, ya yi murna ƙwarai. Ya tambaye ni, "To kai ba ka wurin lokacin da aka ja igiyar?" Na ce layin ba kyau, ba na jinsa.

Watan jiya saƙo ya shigo min daga lambar Gana. Hoton takarda ne, an zana gida da biro: ɗakuna huɗu sun kewaye tsakar gida, zaure mai ƙofa biyu da ba sa kallon juna, ɗan bango a gaban mai shigowa, ga kibiya an rubuta alƙibla a kanta. A ƙasa ya rubuta: "Yaya Salisu, ina gina wa uwana gida, da ƙasa, kaɗan kaɗan. Kai ne ɗan magini. Duba min. In ka ga wani abu, wannan karon ka faɗa."

Na zauna a barandar mutane na buɗe hoton, na faɗaɗa shi da yatsa. Na bi shi ɗaki ɗaki, na duba bayi, na duba inda ruwan sama zai bi, na duba kaurin bango. Sau uku ina dubawa, ina so in samu ko da abu ɗaya da zan faɗa masa in rage nauyin da ke kaina. Babu kuskure ko ɗaya. Direban tasin nan ya zana gidan da ni, ɗan Malam Tanimu, ban gina wa tawa uwar ba.

Na rubuta masa, "Ya yi daidai." Kuma kada in yi muku ƙarya, ina tura saƙon na ji hassadar nan ta sake kama ni.